Sunan da Na Karanta wa Inna a Kalaba

Kawuna ne ya jawo mana wannan tafiya. Allah ya jiƙansa, amma har yau in na tuna shi haushi kan riga addu'a zuwa bakina. Ƙanen Inna ne, mahaifiyata, kuma duk rayuwarsa rakiyar shanu ya yi a bayan tirela, daga karar Sakkwato zuwa kurmi. Yana kwance ciwon ajali muka je duba shi, sai ya riƙe hannun Inna ya ce akwai abin da ya ɓoye mata shekara da shekaru. Wai a wata tafiya ya ga wani dutse da aka kafa don tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi, a wani gari na bakin teku. Da ɗan bokonsa na yaƙi da jahilci ya harhaɗa baƙaƙe, ya karanta sunan babana a jiki, har da sunan garinmu a gabansa.

Na ce, "Kawu, wane gari ne?"

Ya ce Ikko. Can ya ce a'a, Fatakwal. Da na matsa masa sai ya ce akwai dai ruwa, akwai jiragen ruwa, kuma an yi musu ruwan sama ranar. Haba Kawu! Wane gari ne a kurmi ba a ruwan sama? Kwana biyu bayan nan ya cika, ya bar mu da wannan rabin magana.

Ban san babana ba. Ɗan mahauta ne daga unguwarmu ta bayan Hubbare, ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, ya bar Inna da ƙaramin cikina. Wasiƙa biyu ya aiko, ta biyun ta ce an zuba su a jirgin ruwa za a kai su wani wuri. Daga nan shiru. Ba gawa, ba takarda, ba wanda ya dawo ya ce ya ga faɗuwarsa. Malamai sun gaya wa Inna tun ina ƙarama cewa shari'a ta ba ta dama, ta yi idda ta yi wani aure. Ta ce ita ba a nuna mata kabari ba, don haka matar aure ce. Ba ta yi takaba ba, wato zaman wata huɗu da kwana goma da mace ke yi in mijinta ya rasu, ba lalle, ba kwalli, ba turare. Inna kuwa har ta tsufa ba a taɓa ganin idonta ba kwalli ba, 'yan kunnenta kuma ko barci da su take yi.

A gidanmu ba a cewa Allah ya jiƙansa. Ina aji huɗu na taɓa cewa "marigayi babana" a gaban baƙi, Inna ta sharara min marin da har yau kunnena na hagu bai manta ba. Ni ce ɗiyarta ta fari, ni ce kuma ta ƙarshe, don haka tana jin kunyata irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunana, ba ta cika yi min magana kai tsaye ba. Da na haifi autata ta girma, sai ta zama ita ce hanyar saƙo. Ina zaune kusa da Inna har gwiwarmu na gugar juna, amma sai ta dubi yarinyar ta ce, "Ce ma uwarki miyar ta yi gishiri."

Bayan addu'ar bakwai ta Kawu, abin da ta ce ke nan: "Ce ma uwarki a kai ni in gani."

Ni kuwa na ji maganar yadda nake so in ji ta. Likita ya riga ya ja ni gefe ya ce ciwon suga ya taɓa ƙodarta, mu dai lallaɓa ta. Na ce a raina, tsohuwar nan ta ji a jikinta lokaci ya matso, tana so ta ga shaida da idonta, ta yi takabarta, ta mutu ta san matsayinta. Na rantse ba za ta shiga kabari da wannan igiya a wuya ba. In faɗi gaskiya kuma, ni ma na gaji. Na haura hamsin, ina da jikoki, ban taɓa ɗaga hannu na roƙa wa ubana gafara a fili ba.

Maigidana, wanda nake kira Malam, bai daɗe da yin ritaya ba, muna zaune a unguwar Arkilla. Ya ce min, "Ke kin san nisan teku kuwa? A damina? Da mara lafiya?" Na ce in ba zai kai mu ba, tirelar shanu ba ta ƙare a gari ba, sai mu hau. Ya san ni. Ya kai tsohuwar motarsa gareji ta kwana uku. Autata, da ta karanta aikin jinya, ta haɗa allurai da ɗan injin awon suga a cikin kula. Ita murna ma take yi, za ta ga teku ta ɗauki hoto.

Muka bi ta Jega, Yawuri, Kwantagora. Tun a ranar farko na gane wata wahala da ban lissafa da ita ba. Inna ba ta cin abinci a gaban surukinta. Ta zauna a baya daidai ƙeyarsa yadda madubi ba zai kamo ta ba, ta ja mayafi har hanci. Ba za ta sha ruwa ba don kada ta nemi a tsaya mata. Mai ciwon suga fa! Sai da autata ta gano dabara. Duk bayan awa biyu sai ta ce, "Baba, taya kamar tana ƙara." Malam ya faka, ya fita, ya tafi can nesa ya tsaya yana kallon gonar mutane, ya ba mu baya, har sai Inna ta sha furarta ta zagaya bayan kalgo. Bawan Allah, haka ya yi ta kallon gonakin mutane tun daga ƙasar Kabi har kurmi, bai taɓa cewa uffan ba.

Kwana biyu muka yi kafin mu shiga Ikko. Muka sauka wurin 'yan'uwan babana da ke sana'ar nama a can. Su suka kwatanta mana wata maƙabartar soja. Wuri ne mai tsabta, ciyawa a aske, fararen duwatsu a jere layi-layi, kowanne da suna. Muka raba layukan, ni da Malam da auta, Inna tana zaune a inuwa kan kujerar roba da mai gadi ya ba ta. Na duƙa a kan kowane dutse. Wasu Turawa, wasu Yarbawa, wasu namu. Duk sunan da ya fara da harafin sunan babana sai in sake karanta shi. Ruwa ya tsuge, ban daina ba, zanena ya manne min a jiki, takalmina ɗaya ya tsinke na ci gaba da ɗingishi. Da na kai dutse na ƙarshe na koma na sake layukan Malam, don ban yarda da tabaraunsa ba. Babu.

Na rasa yadda zan dubi Inna. Na ce wa auta ta gaya mata. Inna ta gyaɗa kai kawai ta ce, "To, a kai ni in ga ruwan da anka ce ba shi da ƙarshe."

Muka kai ta bakin teku ta wajen Badagari, inda itatuwan kwakwa suka yi layi. Ni ban ga komai ba ranar, zuciyata na kan duwatsu. Inna kuwa ta tsaya riƙe da kafaɗar jikarta ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya ina ɗaya gaɓar take. Ita Gulbin Rima ta sani, wanda in ka tsaya kana hango mai shanu a tsallake. Ta ce a ɗebo mata ta yi alwala. Tana kurkure baki ta furzar, ta ce, "Kai! Wa yaz zuba ma ruwan ga gishiri haka?" Auta ta ce, "Tsohuwa, uwata ce, kin san hannunta." Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta sha ruwan kwakwa biyu, ta cinye gasasshen kifi guda, Malam yana can nesa yana kallon kwale-kwale. Na ce a raina, dubi ƙarfin hali, tana dariya don kada mu ga ciwon da ke ranta. Sai na juya na share hawaye.

Hanyar Fatakwal ta ci mu. Ramuka, ruwa, shingen bincike bayan shinge, kowane sai an leƙo an tambayi ina za mu da tsohuwa. Kwana biyu muka sake yi. Ƙafafun Inna suka kumbura har silifas ya daina shiga, auta ta ɗora su kan cinyarta tana matsawa. In ta danna yatsa sai wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Ta nuna min.

Abin da aka nuna mana a Fatakwal mutum-mutumin soja ne, tsaye da bindiga, ba suna ko ɗaya a jikinsa. Inna ta ce ita ba ta zo kallon gunki ba, ta kau da kai. Na zagaye shi sau uku kamar mahaukaciya ina shafa siminti, ko akwai rubutun da fenti ya rufe. Masu wucewa suna kallona.

A zangon Hausawa da muka sauka akwai wani dattijo mai sayar da goro, wanda shi ma ya yi yaƙin basasa, ya zauna can bai koma gida ba. Da la'asar ya ja Malam gefe suka daɗe. Malam ya dawo ya kira ni bayan mota ya ce, "Dattijon nan ya ce a yaƙinsu inda mutum ya faɗi nan ake turbuɗe shi, in ma an samu hali. Ya ce shi bai taɓa ganin dutsen da aka rubuta sunayensu ba. Mu koma gida. Dubi ƙafarta."

Na ce, "To Kawu aljani ya gani?"

Ya ce, "Kawunki yana fitar rai ya yi maganar."

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Na ce masa shi ya san kabarin ubansa, duk Juma'a yana zuwa ya zuba ruwa, shi ya sa yake da bakin magana. Na ce in ya gaji ya ba ni makulli. Ni da ban iya tuƙi ba! Sai ya ce dattijon ya ambaci Kalaba, wai da yawa daga waɗanda aka kai ta jirgin ruwa can aka sauke su, kuma ya san akwai wani tsohon dutse a garin. Ya ce, "Daga Kalaba sai gida. Ko da suna ko babu." Na ce na ji.

Da na koma ɗakin da aka ba mu, sai na tarar da Inna ta kwaɓa lallen da ta ƙunso tun daga gida, tana sa wa auta a tafin hannu, tana ba ta labarin yadda babana ke yanka mata tsoka mafi laushi ya ɓoye a aljihun riga, har kakana ya kama shi ranar da jini ya ɓata rigar. Ban taɓa jin wannan labari ba. Ta ci tuwon shinkafa malmala biyu ranar. Na tsaya bakin ƙofa raina a ɓace, ina cewa wace irin mata ce wannan, mu muna ƙonewa ita tana lalle.

Mun isa Kalaba da hantsi, gari mai tudu da gangare, ga ƙaton kogi yana gangarawa teku, ga jiragen ruwa. Tun da na hango su na tuna maganar Kawu. Awon sugan Inna na safiyar ya sa auta ta ɓata fuska ta ƙara allura. Ta ce min a hankali, "Mama, tsohuwar nan asibiti take bukata, ba yawo ba." Na ce yau ne kawai.

Sai da muka tambayi mutum biyar kafin wani mai tasi ya gane abin da muke nufi ya yi mana jagora. Dutsen ba wani babba ba ne, ruwan sama ya sa ya yi baƙi-baƙi, sunaye a jere a jikinsa. Inna ba ta iya saukowa ba, muka bar ta a mota da ƙofa a buɗe. Na fara bi da yatsa daga sama. Sunayen namu ne, da yawansu. Kowane soja sunansa guda, sai garinsu a gaba: wane Kano, wane Zariya, wane Bauci. Haka Turawa ke rubuta sojansu a da. Yatsana na gangarowa, sai ga shi. Sunan babana, harafi da harafi, ga Sakkwato a gabansa yadda Turawa ke rubuta ta.

Na yi salati da ƙarfi. Kawu bai yi ƙarya ba!

Auta ce ta riƙe min hannu ta matse. Ta ce, "Mama, dubi sama. Dubi shekarun."

Na ɗaga kai. Shekarun da ke saman dutsen na yaƙin duniya na farko ne. Wannan bawan Allah ya mutu tun ba a haifi babana ba, tun kakana ma yana yaro. Wani ɗan Sakkwato ne mai suna irin nasa, kuma sunan babana a garinmu in ka kira shi a kasuwa mutum goma za su waiwayo. Kawu ya iya haɗa baƙaƙe, amma bai kula da lambobi ba, ko ya gan su bai san me suke nufi ba. Shi dai ya ga soja, ya ga suna, ya ga gari, ya ɗauki abin ya haɗiye shekara talatin don tausayin yayarsa.

Malam ya gyara tabarau ya karanta, ya sauke kai. Na waiwaya. Inna tana cikin mota, ƙafafunta a kumbure sun sauko waje, ta miƙo wuya tana kallonmu. Ta ji salatina. Ba ta san boko ba, ko harafi ɗaya. Babu wani dutse bayan wannan, babu wata tafiya, likita ya gaya min, ƙafarta ma ta gaya min. Na ce a raina, in na ce mata babu, haka za ta mutu a rataye. Wa zai sani? Wa aka cuta?

Auta ta ce, "Mama, kar ki yi."

Na fizge hannuna. Na taka har bakin mota na ce, "Inna, an gan shi. Ga sunansa can."

Ni da auta muka ɗauko ta, hannu ɗaya a wuyana, ɗaya a wuyan yarinyar. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na kama yatsanta na ɗora a kan harafin farko, na bi da shi har ƙarshe, na karanta mata sunan da ƙarfi, sunan da ita ba ta taɓa furtawa ba saboda kunyar miji. Ta buɗe tafinta ta rufe shi duka. Na jira ta yi ajiyar zuciya. Na jira ta ce alhamdu lillahi.

Ta daɗe. Sannan ta ce wa auta, da wata murya da ban san ta da ita ba, "Ashe gaskiya ta."

Auta ta ce, "Tsohuwa..."

Inna ta ce, "Ni cewa nike zahin ciwo na yas sa ƙanena sambatu. Na taho in gani da idona babu, in koma gida in ci gaba da jirana. Can babu, can ma babu, na ce saura guda." Ta shafa dutsen. "Ashe tuntuni shina nan, ruwa na dukanai, ni ina can ina sa lalle."

Wayyo Allah. A nan tsaye na gane kifin Badagari, na gane tuwon Fatakwal. Duk dutsen da ba a same shi ba, ita mijinta aka mayar mata. Ni da nake taƙamar na san uwata, kwana shida muna mota ɗaya, ban san abin da take roƙo ba.

Ta sa hannu ta cire 'yan kunnenta, ɗaya ya ƙi fita don ya daɗe a wurin, ta ja shi da ƙarfi har jini ya ɗan fito. Ta miƙa wa auta. Ta ce a ba ta ruwa. Da ruwan gorar da muka saya a hanya ta wanke kwallin idonta, a nan gaban mutane, gaban surukinta, ba ta ko ja mayafi ba. Sannan ta ɗaga hannu ta ce, "Allah shi jiƙanai." Abin da na yi shekara hamsin ina jira in ji ke nan, kuma da na ji shi amin ta ƙi fita daga bakina.

Muka kamo hanyar gida ta Ikom da Ogoja. Auta ta ce taya na ƙara, Malam ya faka ya tafi kallon gonar rogo, Inna ta ce ba ta jin yunwa. Ya sake fakawa, ta ce ta ƙoshi. Yini guda cokali uku na koko ta sha, shi ma don auta ta ce ba za ta yi mata allura a kan cikin wofi ba. Ba ta kuka. Ta jingina kai da gilashi, idonta fari fat ba kwalli, ni kuwa in na waiwaya sai in ga kamar wata tsohuwa muka rage wa hanya.

Washegari da azahar muka tsaya salla a wani ɗan masallaci kafin Makurɗi. Na idar, na kasa tashi daga kan tabarma. Inna tana zaune kusa da ni tana jan carbi. Na juya na durƙusa a gabanta na riƙe ƙafafunta masu kumburi.

Na ce, "Inna, ƙarya na yi miki. Ba shi ba ne. Dutsen nan na wani tsohon yaƙi ne, na zamanin Turawa. Mai sunan nan ya mutu tun ba a haifi Baba ba. Suna ne ya zo ɗaya. Ki yafe min. Wallahi ba shi ba ne."

Ta ci gaba da jan carbinta har ta kai ƙarshe. Sannan ta dubi auta ta ce, "Ce ma uwarki ta tashi, mutane na kallo."

Auta ta fashe da kuka, ta ciro waya, ta buɗe hoton dutsen da ta ɗauka, ta ja shi ya yi girma. "Tsohuwa, dubi nan, waɗannan lambobin shekaru ne. Wallahi gaskiya Mama ke faɗi." Inna ta kalli wayar yadda ta saba kallon duk wani rubutun boko, ta kau da kai.

Sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Malam ya zo ya tsuguna nesa kaɗan, ya cire hula, ya yi wa surukarsa magana kai tsaye. Ya ce, "Inna, ni ma na karanta. Ba shi ba ne. Na yi shiru a can, laifina ne."

Ta ce, "Allah shi yi muku albarka, ku duka. Kun ga ban ci abinci ba kunka haɗa baki. Na gode. Amma na ji salatin da anka yi, kuma hannuna ya taɓa."

Na ce mu juya, mu koma Kalaba, in nemo duk wanda ta yarda da shi ya karanta mata. Ta ce ita ta gama da teku. Na ce zan dafa Alƙur'ani. Ta ɗaga min hannu da sauri ta ce kul, kada in kuskura in yi rantsuwa a kan ƙarya saboda ita.

Muna isa Sakkwato ta ƙi sauka a Arkilla, ta ce a kai ta ɗakinta na bayan Hubbare, can mace ke takaba, a ɗakin mijinta. Ta aika aka gaya wa dangi. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Mahauta suka zo, tsofaffin unguwa suka zo, mata suka cika tsakar gida, aka yi ta daka gumba ana rabawa. Ni ce ɗiyar mamaci, ni aka zaunar a tsakiya. Kowace ta shigo sai ta ce, "Ya haƙuri? Ashe an samu labari. Sannu da ƙoƙari, ke kam kin cika ɗiya." Na gaya wa gwaggona gaskiya a ɗaka, ta toshe min baki da hannu ta ce in rufa wa kaina asiri, an riga an yi addu'a. Na je wurin limamin unguwa. Ya saurare ni, ya ce in yi istigfari, ya zo kuma da kansa ya yi wa Inna bayani ta bayan labule. Ta gode masa, ta sa aka ba shi goro. Bayan ya fita ta ce wa auta, har liman uwarki ta wahalar.

Na bar gidana na tare wurinta. Kullum da safe in dama fura in kai mata, in zauna bakin gado in sake faɗi daga farko: dutsen, shekarun, sunan da ya zo ɗaya. Wani lokaci da lallashi, wani lokaci da faɗa, don ni ba haƙuri ne da ni ba. Akwai ranar da na yi mata tsawa na ce, "Mijinki ba a san inda yake ba! Ba a sani ba, Inna, kamar da!" Ta ja bargo ta juya wa bango fuska. Tana ƙirga kwanakin takabarta da ƙwayar dabino a cikin gwangwani, ita kuwa tana ramewa a gabana, zoben azurfar da ta cire don takaba ma da ta mayar da shi yatsa da ya zube.

Ranar da kwanakin suka cika, mata suka zo aka yi mata wanka, aka kawo sabon zane da kwalli da turare, yadda ake yi wa mai fita takaba. Ta karɓi zanen, ta ce a mayar da sauran. Da suka watse na shiga da fura. Na zauna, na buɗe baki zan fara.

Ta ɗora hannunta a kan nawa. Ta ce, "Bari wahal da kanki hakanan. Ke ɗiyar kirki ta. Tun da na haihe ki ba ki taɓa yi min ƙarya ba sai wagga da kika zo da ita kullum da sahe, ita ma na san don tausai na. Na yahe miki."

Ta rufe ido. Na zauna riƙe da kwanon har furar ta tsinke, sannan na ɗauka na fita da ita.